Gladys Tantaquidgeon, Mai Maganin Kabilar Mohegan: Tambayoyi da Amsoshi

Wace ce Gladys Tantaquidgeon?

Mai maganin gargajiya ce kuma malama daga kabilar Mohegan, ɗaya daga cikin kabilun 'yan asalin Amurka, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, waɗanda a nan gida aka fi sani da Indiyawan daji. An haife ta ranar 15 ga Yuni, 1899, a kan tudun Mohegan da ke garin Uncasville a jihar Connecticut, kuma a wannan tudun ta rasu ranar 1 ga Nuwamba, 2005, tana da shekara 106. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai na John Tantaquidgeon da matarsa Harriet.

Ta koyi magani a hannun tsofaffin matan danginta, ta yi karatu a Jami'ar Pennsylvania, ta rubuta littafi a kan magungunan kabilar Delaware, ta yi aikin gwamnati a cikin kabilun yammacin Amurka, sannan ta dawo gida ta riƙe gidan tarihin da suka gina da mahaifinta da ƙaninta. A 1992 kabilarta ta naɗa ta a muƙamin mai maganin kabila. A ganina babban aikinta ya wuce jiƙo da saiwa. Ta tashi cikin al'ummar da gwamnati da littattafan makaranta suka riga suka yi wa jana'iza, ta shafe rayuwarta tana tattara shaidar cewa mutanenta suna nan da ransu.

Su wane ne Mohegan? Ba cewa aka yi sun ƙare ba?

Haka Amurkawa da yawa suka ɗauka. Wani shahararren littafin ƙagaggen labari da ya fito a 1826 ya cakuɗa sunayen kabilu biyu, Mohican na kwarin kogin Hudson da Mohegan na Connecticut, ya kuma bar mutane da tunanin cewa na ƙarshensu ya mutu. Duka kabilun biyu suna nan har gobe.

Mohegan suna zaune ne a gaɓar kogin Thames na Connecticut, tsakanin biranen Norwich da New London. Sarkinsu da tarihi ya fi ambata shi ne Uncas, wanda ya ɓalle daga kabilar Pequot ya ƙulla ƙawance da Turawan Ingila. Mayaƙansa na tare da Turawan a 1637 lokacin da aka banka wa ƙauyen Pequot wuta a Mystic, inda ɗaruruwan mutane suka halaka, cikinsu har da mata da yara da tsofaffi. Wannan tabo ne a tarihinsu, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ƙawancen ya tsare su daga takobi, amma bai tsare musu ƙasa ba. Sun kai ƙarar mahukuntan Connecticut har Landan a kan filayensu, aka yi kusan shekara 70 ana shari'a, a 1773 aka yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba.

A 1830 majalisar Amurka ta yi dokar kwashe kabilun gabas zuwa yammacin kogin Mississippi. Hujjar da ake kafawa ita ce wai mutanen ba su waye ba. Sai Mohegan suka gina coci da makaranta a kan tudunsu a 1831, kuma hakan na cikin abin da ya sa ba a tashe su ba. A 1872 jihar ta kammala rarraba ƙasar kabilar ga ɗaiɗaikun mutane, ta daina kallonsu a matsayin al'umma mai cin gashin kanta. Cocin nan na cikin ɗan abin da ya rage na gamayya, shi ya zama dandalinsu. A wannan hali aka haifi Gladys.

A wurin wa ta koyi magani?

A wurin tsofaffin mata uku da take kira kakanninta: Emma Baker, Lydia Fielding da Mercy Ann Nonesuch Matthews. Tun tana 'yar shekara biyar suka ware ta cikin yaran dangi suka fara shiga daji da ita. Babu allo, babu takarda. Yarinya ta bi tsohuwa a baya riƙe da kwando, a nuna mata ganye a ce taɓa, shinshina, dubi inda ya tsiro, ga lokacin da ake cire shi, ga lokacin da ba a taɓa shi. Shekara ta zagayo a sake komawa wurin, a tambaye ta.

Emma Baker, wadda ta rayu daga 1828 zuwa 1916, 'yar'uwar kakanninta ce ta wajen uwa, kuma ita ce mai maganin kabilar a zamaninta. Mace ce da ba ta tsaya ga magani kaɗai ba. Ita ta jagoranci ƙungiyar mata masu ɗinki ta cocin Mohegan, wadda a zahiri ɗinki take yi, a baɗini kuwa a nan ake tattauna wanda zai zama sarki da yadda za a kare filaye. Ita ce kuma ta farfaɗo da bikin sabuwar masara wajen 1860. A ƙarshen bazara maza su sari ƙananan itatuwa su kafa babbar rumfa a gaban coci, mata su dafa faten masara da wake, a soya busasshiyar masara a daka ta a turmi ta zama gari, abincin da matafiya da mafarautansu ke ɗaurawa a ƙugu tun zamanin da. Mutanen gari su zo su sayi abinci da kwanduna da cokulan itace, kuɗin ya shiga asusun coci. Ba laifi mu tuna cewa masarar da muke tuwo da ita daga nahiyar Amurka ta iso mana, ita da rogo da gyaɗa da barkono da taba, kuma 'yan asalin nahiyar ne suka fara noma su.

Mercy Ann kuwa 'yar kabilar Nehantic ce da ta auri Bamohegane. An ɗauke ta aikatau a gidan Turawa tun tana ƙarama, kuma tana raye jihar Connecticut ta ayyana cewa kabilarta ta ƙare. Gwana ce wajen aikin duwatsun ado. Akwai ta huɗu da ba a rasa ambatonta, Fidelia Fielding, mace ta ƙarshe da ke magana da harshen Mohegan da Pequot a matsayin harshen yau da kullum. Ta rasu a 1908, Gladys na da shekara tara. Ta bar littattafan da take rubuta abin da ya faru kowace rana cikin harshen, tana yawan ambaton Mundu, sunan da suke kiran Mahalicci.

Wane irin magani ne? Da me ake haɗa shi?

Mafi yawansa maganin cututtukan gida ne: mura, tari, zazzaɓi, ciwon ciki, rauni, ƙuna, ciwon gaɓoɓi, da abin da ya shafi haihuwa. Cikin abin da ta rubuta game da Mohegan akwai jiƙon wani ganye mai ɗaci da Turawa ke kira boneset, wanda ake sha don zazzaɓi da mura. Akwai ɓawon farin itacen pine da ake jiƙawa don tari. Akwai ganyen mullein, mai laushi da gashi-gashi, da ake busarwa a sha hayaƙinsa don asma da ciwon maƙogwaro. Akwai wani faffaɗan ganye mai fitowa a bakin hanya da ake ɗaurawa a kan yanka ko ƙuna. Idan hunturu ya wuce sai a haɗa saiwoyi da ɓawo iri-iri a dafa, kowa a gida ya sha don wanke jiki bayan watannin sanyi da cin busasshen abinci.

Wani abin lura shi ne, mullein da wannan ganyen bakin hanya duk ba 'yan ƙasa ba ne, Turawa ne suka zo da irinsu. Matan Mohegan suka gan su sun tsiro, suka gwada, suka shigar da su cikin nasu. Wanda ke zaton maganin gargajiya abu ne da ya daskare tun zamanin kakanni, wannan kaɗai ya isa ya sa ya sake tunani.

Ladubban ɗiba ma ilimi ne mai zaman kansa. Mohegan ba sa ɗiban ganye a kwanakin tsananin zafin bazara, sai dai gabaninsu ko bayansu, kuma a rana ake shanya shi domin suna ganin rana na ƙara masa ƙarfi. A wurin Delaware abin ya fi haka tsari. Mai magani ya fita neman wani tsiro, idan ya ci karo da na farko ba ya cire shi. Sai ya durƙusa ya haƙa ɗan rami a gindinsa ta gabas, ya zuba taba a ciki, ya faɗa wa tsiron abin da ya kawo shi da wanda yake nema wa lafiya, ya rufe ramin, sannan ya wuce ya nemi wani irinsa ya cira. Idan ɓawo ake so, ta gefen gabas ake saɓa, inda hasken safiya ke fara sauka. A wurinsu wannan ibada ce da neman izini. Ko mutum bai yi imani da hakan ba, zai ga amfaninsa a fili: wanda ke barin tsiro na farko, kuma yake saɓar gefe guda na itace, ba zai ƙarar da dajin da yake ci daga gare shi ba.

Wannan ba bokanci ba ne?

Tambaya ce da dole mai karatu ya yi, kuma amsar gaskiya ita ce maganin nasu bai rabu da imaninsu ba. Mohegan na da labarin wasu ƙananan halittu masu zama a ƙarƙashin tudu da cikin duwatsu, da suke kira Makiawisug. Ana ajiye musu ɗan kwando da wainar masara da 'ya'yan itace a bakin daji, ba a ƙura musu ido, ba a yawan ambatonsu da bazara. Akwai labarin wata mai magani da aka zo aka tafi da ita cikin dare ana hadari, aka kai ta ƙarƙashin ƙasa ta yi jinyar wata tsohuwa, shugabar halittun, har ta warke. Gladys ta ji waɗannan labarai daga bakin tsofaffi, ta riƙe su da daraja, ta kuma isar da su ga na baya. Delaware su ma suna ganin baiwar warkarwa ta mafarki ko wahayi take zuwa, kuma suna da masu yi wa majinyaci sirace a wata 'yar bukka da ake zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi.

Duk da haka mafi yawan Mohegan na zamaninta Kiristoci ne masu zuwa coci, kuma a cikin cocin nasu akwai gashin gaggafa rataye kusa da gicciye. Gladys ba ta buɗe shagon duba ba, ba ta yi suna da sayar da asirin mallaka ko na arziki ba. Abin da muƙamin mai magani ke nufi a wurinsu shi ne mai kula da lafiyar jiki da ta zuciya, mai riƙe da tarihi da al'ada, wanda ake zuwa wurinsa neman shawara in an shiga ruɗani. Ba sai mutum ya ɗauki aƙidarsu ba kafin ya ga girman amanar da ta riƙe.

Yaya aka yi ta shiga jami'a?

Ta hanyar Frank Speck, masanin al'adun al'ummomi da ya fara zuwa tudun Mohegan tun yana ɗalibi, a farkon shekarun 1900, don koyon harshe a wurin Fidelia Fielding. Ya saba da gidan su Gladys, ya san ta tun tana yarinya. Ba ta yi makarantar sakandare ba, amma a 1919, tana da shekara 20, ta tafi Philadelphia ta fara karatu a sashen da Speck ke koyarwa a Jami'ar Pennsylvania, tana kuma taimaka masa da aikin bincike. Wannan shekara guda ke nan kafin matan Amurka su sami 'yancin jefa ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya.

Daga nan ta yi ta tafiye-tafiye: wurin Wampanoag a Mashpee da tsibirin Martha's Vineyard, wurin Nanticoke a jihar Delaware, wurin Cayuga a Ontario, har wurin mafarautan arewacin Quebec a Kanada. Inda mai bincike Bature zai yi wata yana neman a sake masa fuska, ita tana zama a ɗakin girki da tsofaffi, ta ambaci ganyen da kakarta ke amfani da shi, su kuma su ce a nan ga yadda muke yi. A 1928 aka buga rubutunta kan magungunan Mohegan da alamomin yanayi a cikin rahoton hukumar nazarin kabilu ta cibiyar Smithsonian.

Rubuta magani a littafi ba tona asirin kabila ba ne?

Wannan muhawara ce da har yau ba ta mutu ba a tsakanin 'yan asalin Amurka, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Masana na zamanin Speck sun ɗauka kabilun nan gab suke da shuɗewa, don haka suka yi ta kwasar duk abin da hannu ya kai: waƙoƙi, kayan ibada, har da ƙasusuwan matattu, suna kaiwa gidajen tarihi a manyan birane. Sai a 1990 aka yi dokar da ta tilasta mayar da irin waɗannan gawarwaki da kayayyaki ga masu su.

Littafin Gladys a kan magungunan Delaware ya fito a 1942, aka sake buga shi a 1972 da kuma 1995. Babban wanda ya ba ta ilimin shi ne Witapanoxwe, wanda Turawa ke kira James Webber, mai magani daga Oklahoma. Ta ambaci sunansa a matsayin mai ilimin, ba ta mai da shi wani tsoho marar suna ba. Mutanensa asalinsu kwarin kogin Delaware ne, aka yi ta tura su yamma, daga Ohio zuwa Indiana, zuwa Missouri da Kansas, har suka ƙare a Oklahoma. Al'ummar da aka yi wa irin wannan gudun hijira, kowane tsoho da ya mutu yana tafiya da abin da ba za a sake samu ba.

Ra'ayina shi ne ta yi daidai. Ta ga abin da ya faru da harshen kabilarta da idonta: tsohuwa guda ta rasu, harshe ya yi shiru, abin da ya tsira sai wanda aka rubuta. Kuma rubuta magani ba baƙon abu ba ne a danginta. Samson Occom, malamin coci Bamohegane wanda ya je Ingila ya tara kuɗin da daga baya aka kafa Kwalejin Dartmouth da su, ya rubuta jerin magungunan ganye da saiwa tun 1754, kuma 'yar'uwarsa Lucy a gidan Tantaquidgeon ta yi aure. Abin da ya kamata a riƙa tambaya shi ne wa ya rubuta, da yardar wa, kuma a hannun wa rubutun zai zauna.

Me ya kai ta aiki da gwamnatin da ta zalunci mutanenta?

Zamani ne ya ɗan juya. Tun 1883 hukumar kula da harkokin kabilu ta kafa dokokin da suka haramta aikin masu magani da manyan raye-rayen ibada, ana hukunta mutum da ɗauri ko a hana shi rabon abinci. Ana kwashe yara a kai su makarantun kwana irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, a aske musu gashi, a hana su harshensu. A 1933 John Collier ya zama shugaban hukumar, ya ba da umarnin a daina tsoma baki cikin addinin kabilu, a 1934 kuma aka yi sabuwar dokar da ta dakatar da yayyanka filayensu.

A wannan shekara Gladys ta shiga aikin hukumar, ba da jimawa ba aka tura ta yankin kabilar Yankton Sioux a Dakota ta Kudu a matsayin jami'ar jin daɗin jama'a. Lokacin fari ne da guguwar ƙura, ga karayar tattalin arziki, ga tarin fuka. Ta ga talaucin da ba ta taɓa gani a gida ba. Daga 1938 zuwa 1947 ta koma hukumar bunƙasa sana'o'in hannu na kabilu, tana zagaya jihohin Dakota ta Arewa da ta Kudu da Montana da Wyoming. Aikinta ta nemo tsofaffin da suka iya ɗinkin duwatsun ado da ado da ƙayar beguwa da jimar fata, ta haɗa su da matasa, ta taimaka a kafa ƙungiyoyin haɗin kai don kada dillalai su riƙa saye a wulaƙance. Ta kuma ƙarfafa wa dattawa gwiwa su dawo da bukukuwan da aka hana, irin rawar rana. Cikakkiyar dokar 'yancin addinin kabilu sai a 1978 ta zo.

Gidan tarihin fa?

An gina shi a 1931, ana tsakiyar matsin tattalin arziki. Mahaifinta John, masaƙin kwanduna kuma masassaƙi, ido ɗaya gare shi mai gani kuma da sanduna yake tafiya, amma shi da ɗansa Harold suka ɗora duwatsun ginin da hannunsu a kusa da gidansu. Shi ne gidan tarihi mafi daɗewa a Amurka da 'yan asalin ƙasar suka mallaka kuma suke gudanarwa da kansu. A ciki akwai kwandunan itace masu zane, turame, akussa, kayan ado, da abin da Gladys ta kawo daga yamma da arewa.

Bayan ta dawo gida a 1947 ta shafe shekaru masu yawa tana tarbar baƙi a nan, ita da Harold, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu daga baya ya zama sarkin kabilar. Motocin makarantu su sauke yara, da yawansu an koya musu a aji cewa Indiyawan Connecticut sun ƙare, sai ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa a bakin ƙofa tana musu maraba, tana miƙa musu taɓarya su ɗaga su ji nauyinta. Imanin gidan shi ne da wuya mutum ya tsani wanda ya sani sosai. A nan ne mafi yawan koyarwarta ta gudana.

Da gaske ta yi aiki a gidan yari?

Ta yi. Bayan dawowarta ta riƙe ɗakin karatu na gidan yarin mata da ke Niantic, ba nisa da gida. Zaman da ta yi da iyalai masu fama da talauci a Dakota ya sa ta san irin halin da ke jefa mace cikin wannan wuri.

Mene ne labarin takardun da ke ƙarƙashin gadonta?

A 1978 gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idojin da kabila za ta cika kafin a amince da ita a matsayin al'umma mai gwamnatin kanta. Sharuɗɗa bakwai ne, kuma masu wuyar su ne a nuna cewa jama'ar sun ci gaba da zama al'umma guda, da shugabanci a tsakaninsu, ba tare da yankewa ba. A duba rashin adalcin da ke ciki: hukuma ta raba ka da ƙasarka, ta daina rubuta sunanka a matsayin kabila, sannan ta ce kawo takardar da ke nuna ba ka watse ba.

Mohegan sun shigar da buƙatarsu a wannan shekara. A 1989 hukumar ta fitar da matsayar farko cewa ba su cika sharaɗi ba, domin a cewarta babu isasshiyar shaidar rayuwar al'umma daga shekarun 1940 zuwa gaba. A nan ne ajiyar Gladys ta yi rana. Shekara da shekaru tana tara duk takardar da ta shafi wani Bamohegane: sanarwar haihuwa, katin ɗaurin aure, takardar kammala makaranta, sanarwar rasuwa da aka yanko daga jarida, wasiƙu da katunan gaisuwa daga dangin da suka yi nisa. Ta zuba su a robobin ajiye abinci na Tupperware ta tura ƙarƙashin gado. Ita da ƙanwarta Ruth da sauran matan dangi suka zauna suka tsara su. Kati guda ba ya nuna komai. Amma ɗaruruwansu, an jera shekara bayan shekara, sun nuna wa ke zuwa jana'izar wa, wa ke aika wa wa saƙo, wa ake kai wa ƙara idan an sami saɓani, wa ya tashi tsaye lokacin da aka so rufe coci. Ainihin abin da hukumar ta ce babu ke nan.

Ranar 7 ga Maris, 1994, gwamnatin Amurka ta amince da kabilar Mohegan. Gladys na da shekara 94. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, akwai shugabanni da lauyoyi da masu bincike, amma ba wanda ke ba da labarin nan ya tsallake robobin. A wannan shekara Jami'ar Yale ta ba ta digirin girmamawa, bayan wanda Jami'ar Connecticut ta ba ta a 1987, aka kuma sa sunanta cikin jerin fitattun matan jihar.

An ce gidan caca suka gina da wannan 'yanci. Haka ne?

Haka ne. Dokar tarayya ta 1988 ta ba kabilun da aka amince da su damar buɗe gidajen caca a ƙasarsu, kuma a 1996 aka buɗe Mohegan Sun a Uncasville, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a Amurka. Ni ban ga alheri a caca ba, tana rusa gidaje a ko'ina take, kuma ba zan yi mata kwalliya ba don ta amfani mutanen da nake tausaya wa. Sai dai kuma da kuɗin ne kabilar ta gina wa tsofaffinta gidaje, ta biya wa 'ya'yanta karatu, ta gyara tsohon cocin, ta dawo da maƙabartar sarakunanta da ke Norwich wadda aka yi gini a kanta. Takardun Gladys sun girmi maganar caca da shekaru masu yawa, ba don ita aka tara su ba.

Magungunan suna aiki? Mutum zai iya gwadawa?

Wasu suna da tasirin da bincike ya tabbatar, wasu ba su da shi, wasu kuma suna da haɗari. Saiwar bloodroot mai jan ruwa, wadda kabilun gabas suka yi amfani da ita, tana da guba kuma tana cin fata. Man itacen sassafras, wanda aka daɗe ana shan jiƙon saiwarsa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a abinci tun 1960 saboda alaƙarsa da ciwon daji a gwajin dabbobi. Littafin Gladys tarihin yadda mutane suka yi magani ne, ba a rubuta shi don mai karatu ya haɗa wa kansa ba. Masu wannan ilimi shekaru suke yi suna koyon awo da lokaci a gaban wanda ya iya, kuma yawancin tsirran ba sa fitowa a ƙasashenmu. Marar lafiya ya je asibiti, in kuma yana shan wani jiƙo ya faɗa wa likita.

Wa ya gaje ta, kuma ina aka kwana a maganar harshen?

Melissa Tantaquidgeon Zobel, jika a wurinta ta ɓangaren 'yan'uwanta, ita ta taso a gabanta a gidan tarihin kamar yadda ita ma ta taso a gaban Emma Baker. Ta zama mai riƙe da tarihin kabilar, ta rubuta tarihin rayuwar Gladys da aka buga a 2000, kuma a 2008 aka naɗa ta mai maganin kabila. A 2010 Lynn Malerba, wadda asalin aikinta jinya ne a asibiti, ta zama mace ta farko da ta hau sarautar Mohegan a wannan zamani, kuma a 2022 aka naɗa ta ma'ajin Amurka, sa hannunta ya hau kan takardar dala.

Harshen ne aikin da bai ƙare ba. Gladys ta riƙe kalmomi da sunaye da addu'o'i, amma ba ta tashi tana magana da shi ba, domin tsarar iyayenta sun riga sun koma Turanci. Stephanie Fielding, daga dangin Fidelia, ta yi karatun kimiyyar harshe a jami'ar MIT ta jihar Massachusetts, ta yi amfani da rubuce-rubucen tsohuwar da na harsunan da ke da dangantaka da nasu ta tsara ƙamus da darussa. Littattafan Fidelia na asali sun daɗe a hannun wasu, suka ƙare a ɗakin karatu na Jami'ar Cornell, sai a watan Nuwamba na 2020 aka mayar wa kabilar da su. 'Yan kabilar yau sun haura mutum 2,000, kuma masu koyon harshen a cikinsu, yara da manya, a aji suke koyonsa daga waɗannan shafuka.